Alhaji ya iya ciniki, amma wa zai gaya masa bai iya jawabi ba?

Ina da baffa a Kantin Kwari da ya haura shekara talatin yana sayar da atamfa da shadda. Duk wanda ya yini a shagonsa zai rantse babu mai bakinsa a layin nan. Ya san lokacin da zai ce "albarka" ya kau da kai kamar cinikin bai dame shi ba. Ya san lokacin da zai aiki yaro ya kawo wa baƙo ruwan sanyi. Ya san wanda ake ja da wasa, ya san wanda ake bari ya yi ta juya yadi shi kaɗai har ya taya da kansa. Bazazzagi in ya shigo sai ya sha tsokana kafin a buɗe masa dila, mutumin Agadas kuwa da doguwar gaisuwa ake tarbarsa. Na sha ganin mutum ya shigo da niyyar turmi biyu ya fita da goma, yana godiya.

Wata rana aka shirya zama tsakanin 'yan kasuwa da wakilan wani banki a zauren wani otal, 'yan layinsu suka ce ai Alhaji ne zai yi magana da yawunsu. Minti biyar aka ba shi. Buƙatarsu ɗaya ce, kuma mai ma'ana: wa'adin fara biyan rancen da ake ba su ya yi kusa, domin kafin kaya su taso daga Sin, su sauka Legas, a fitar da su daga hannun kwastam, su iso Kano a fara sayarwa, banki ya riga ya fara ƙwanƙwasa ƙofa. Magana ce da baffa yake warware ta tsaf a shago, da lissafinta da misalanta. Da aka miƙa masa makirufo sai na ga wani mutum daban. Ya gai da shugaban taro, ya gai da mataimakinsa, ya gai da wakilin hakimi, ya aika gaisuwa ga hakimin da bai zo ba, ya yi wa ƙasa da shugabanninta addu'a. Takardar da ɗansa ya rubuta masa sai rawa take yi a hannunsa. Yana shiga tarihin yadda kasuwar ta faro, mai gabatarwa ya matso ya raɗa masa cewa lokaci ya cika. Ya ce, "To, a taƙaice dai, a taimaka mana." Ya zauna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a mota ya faru, muna komawa. Yaron shagonsa ya ce, "Wallahi Alhaji ka burge." Direba ya ce ai duk waɗanda suka yi magana yau babu kamarsa. Ni ma, Allah ya yafe mini, na ce, "Baffa, an yi ƙoƙari." Shi dai bai tanka ba, ya zuba wa titi ido.

Tun daga ranar na sauya ra'ayi game da masu horar da mutane yin jawabi, waɗanda a da nake yi wa kallon 'yan cin kuɗin banza. Yanzu ina ganin ɗan kasuwar da harkarsa ta girma yana buƙatar irinsu kamar yadda yake buƙatar akanta da lauya. Dabarun da suke koyarwa suna da amfani, zan zo kansu, amma babban amfanin mai horarwa shi ne kasancewarsa mutum ɗaya tilo da ka biya domin ya gaya maka abin da kowa yake ɓoye maka. A ƙasar Hausa babu wanda ya kai mai kuɗi rashin mai gaya masa gaskiya. Yaransa suna tsoron bakin aikinsu, 'ya'yansa suna jin nauyinsa, abokansa suna kawaici, masu zaman majalisarsa kuwa da "ranka ya daɗe" suke cin abinci. Sai mutum ya shekara ashirin yana kashe taro da jawabi marar kai, ana tafa masa.

Wannan rauni ba daga sama ya faɗo mana ba. Tarbiyyarmu ta ɗora girma a kan ƙarancin magana. Babban mutum ba ya ɗaga murya, ba ya yawan bayani, ba ya yabon kansa. Je ka fada ka gani: mutum ya faɗi gaisuwa, sarki ya ɗaga hannu ko ya motsa leɓe a bayan amawali, dogarai ne za su amsa da ƙarfi, "Sarki ya gaishe ka." A wajen ɗaurin aure waliyyi da wakili ƙasa-ƙasa suke magana, sanƙira ne yake ɗaga ta ya isar wa jama'a. A kara mai dabba yana gefe, dillali ne yake zuba. Wato mun raba aiki tun tuni: mai abu ya kame, a ɗauko mai baki ya yi magana a ba shi la'ada. Yaron da ya cika surutu a gaban manya marar kunya ne, wanda ya sunkuyar da kai shi ne mai tarbiyya. Ban raina wannan tarbiyya ba, akwai tarin fitinu da ta kare mu daga gare su. Sai dai ta bar magana a bainar jama'a a hannun malami da maroƙi da ɗan siyasa, sai kuma mai tallan magani da lasifika a tasha. Attajiri yana tsoron shiga gonar malami, yana ƙyamar a kwatanta shi da sauran.

A zamanin su Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, wannan tsari ya wadatar. Suna da amana su ne jari. Wakilai suna shiga ƙauyuka sayen gyaɗa, fatake suna kai-komo tsakanin Kano da Gwanja, magana kuma ta mutum biyu ko uku ce a zaure, kowa ya san kakan kowa. Yau mai fitar da riɗi ko zoɓo daga Dawanau ta bidiyo yake tattaunawa da mai saye a Turkiyya ko Meziko, wanda bai taɓa jin sunan unguwarsu ba. Mai injin shinkafa a Kura ko Haɗeja zama yake yi a gaban kwamitin bashi na banki, mutum biyar ko shida kowa da biro a hannu. Matashin da yake neman dala 5,000 ɗin da Gidauniyar Tony Elumelu take bayarwa tun 2015 yana gogayya ne da matasa daga ƙasashen Afirka 54, kuma tilas ya iya bayyana sana'arsa a taƙaice. Ga bajekolin Kano da na Kaduna, ga hira a rediyo, ga ranar da za ka tara ma'aikata ɗari ka gaya musu albashi zai yi jinkiri ba tare da sun watse maka ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan wurare da za ka tura sanƙira. Mai ba da kuɗi kai yake so ya ji, domin daga bakinka yake auna ko ka san cikin kasuwancinka ko wani ne ya rubuta maka.

In na kawo wannan magana a majalisa, amsar da na fi ji ita ce iya magana baiwa ce, wanda Allah ya ba shi ya ba shi. Akwai gaskiya a ciki. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da kansa ya ce ɗan'uwansa Haruna ya fi shi fasahar harshe, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas. Amma a Suratu Ɗaha ya roƙi Allah ya buɗa masa ƙirjinsa, ya sauƙaƙe masa al'amarinsa, ya warware ƙullin harshensa, kuma ya faɗi dalili: domin su fahimci maganarsa. Fahimta ya roƙa, kuma ya tafi ya tsaya gaban Fir'auna. Duk wanda yake jan wannan addu'a kafin ya shiga jarrabawa ya riga ya yarda cewa ƙullin harshe abu ne mai warwaruwa.

Su ma waɗanda muke kafa misali da su, mu duba tarihinsu da kyau. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda muryarsa ta sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba 1960, ya yi a majalisar wakilan Amurka a watan Yuli 1961. Amma kafin nan ya bi ta Kwalejin Katsina, inda aka shahara da tsananta wa ɗalibai kan furuci, ya yi shekaru yana koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi, kuma a farkon shekarun 1940 yana cikin majalisar tattaunawar nan ta Bauchi tare da Sa'adu Zungur da Aminu Kano, inda ake ajiye batu a yi ta muhawara a kai. Malam Aminu malamin makaranta ne. Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, shi ma da alli ya fara. Ban ɗauki wannan a matsayin katari ba. Malamin aji yana tsayawa gaban jama'a sau biyar ko shida a yini, kuma jama'arsa yara ne, waɗanda in ka gundure su ba su iya ɓoyewa. Baiwar tana nan, amma an wasa ta a kan dutse shekara da shekaru.

A ɓangaren 'yan kasuwa, misalin da ya fi fitowa fili shi ne Warren Buffett, attajirin nan na Amurka. Ya sha faɗa da bakinsa cewa yana saurayi tsoron magana a gaban mutane har amai yake sa shi. Ya yi rajistar kwas ɗin Dale Carnegie na koyon magana a gaban jama'a, wanda aka fara koyarwa a birnin New York tun 1912, sai tsoro ya sa ya janye cakin da ya rubuta. Da ya koma garinsu Omaha ya sake yin rajista, wannan karon ya biya dala 100 kuɗi hannu don kada ya sami hanyar guduwa. Yana gamawa ya nemi koyar da darasin dare a jami'ar garin, don kada tsoron ya dawo. Takardar shaidar wannan kwas ce ya rataye a bangon ofishinsa, bai rataye ta digirinsa ba.

To me mai horarwa yake yi a zahiri? A nan ne nake so mu daɗe, domin da yawa suna zaton salon tsayuwa da kaɗa hannu ake koyarwa.

Abu na farko da na gane daga labarin baffa shi ne gwanintar kasuwa da kanta ce take kayar da ɗan kasuwa a kan mumbari. Ƙa'idar ciniki ita ce kada ka fara faɗin abin da kake so. Ka zagaya, ka gaisa, ka tambayi iyali, ka bar mai saye ya taya, ka karanci fuskarsa, ka gyara magana daidai da abin da ka gani. Duk fasahar tana rataye ne a kan amsar ɗaya ɓangaren. A zauren taro babu mai amsa maka. Fuska ɗari biyu suna kallonka, babu mai tayi, babu mai cewa "haba Alhaji", sai mutum ya ji kamar an jefa shi rijiya. Sai ya koma ga abin da ya sani, wato gaisuwa da zagaye, yana jiran alamar da ba za ta zo ba. Aikin mai horarwa shi ne ya kifa masa tsarin: abin da kake ɓoyewa sai ƙarshe a shago, shi za ka fara ajiyewa a taro. Da baffa ya tashi ya ce, bayan sallama, "Mun zo neman abu ɗaya, a ƙara mana wa'adin fara biyan rance, ga dalili," da ko a minti na biyu aka karɓe makirufo saƙon ya isa. Mai horarwa na ƙwarai zai tsare ka da tambaya ɗaya har sai ka gaji: in mutanen nan za su manta komai su riƙe jimla ɗaya, wacce ce? In ba ka iya faɗinta a numfashi guda ba, ba ka shirya ba, ko da shafi goma ka rubuta.

Ba ina cewa a jefar da gaisuwa ba ne. Wanda ya tashi a taron Hausawa ya faɗa cikin magana babu sallama babu girmama manya ya rasa zauren kafin ya fara, kuma mai horarwar da bai san haka ba bai san inda yake ba. Amma gaisuwa tana da ma'auni. Sallama, salati, gaisuwa ɗaya da ta haɗa kowa, shi ke nan. Mu da muke da hadisin Ammar a cikin Sahihu Muslim, cewa tsawaita salla da gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mutum, bai kamata a ce sai wani ya zo daga waje ya koya mana taƙaitawa ba. Nana A'isha ta siffanta maganar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cewa ba ya zuba ta a jere da sauri, mai ƙirga zai iya ƙirga kalmominsa. Anas kuma ya ce yakan maimaita magana sau uku domin a fahimce ta. Taƙaitawa, natsuwa, maimaita abu mai muhimmanci: abin da ake biyan kuɗi a koya ke nan a manyan otal-otal.

Sai madubi. Kusan duk mai horarwa zai ɗauke ka bidiyo ya sa ka kalli kanka, kuma babu wanda yake jin daɗin wannan zama. A nan za ka ji sau nawa ka ce "ka gane ko", sau nawa ka ce "wato" da "ma'ana" da "kamar yadda na faɗa" alhali ba ka faɗa ba. A nan za ka ga kana gyara hula duk bayan jimla biyu, ko idonka yana kan shugaban taro kaɗai kamar sauran jama'ar ba su zo ba, ko ƙarshen kowace jimla yana nutsewa cikin babbar riga. Ƙungiyar masu koyon jawabi ta Toastmasters, wadda Ralph Smedley ya kafa a Santa Ana ta jihar Kalifoniya a 1924, kuma take da rassa a Legas da Abuja, ta mayar da wannan ya zama tsari. A kowane zama akwai mai riƙe agogo da yake nuna kore, sannan rawaya, sannan ja. Akwai wanda aikinsa kawai ƙirga irin waɗannan kalmomin cike gurbi. Akwai wanda zai tashi bayan ka gama ya faɗi inda ka yi daidai da inda za ka gyara, a gaban kowa. Jawabinka na farko minti huɗu zuwa shida ne, kuma akwai sashen da za a jefo maka batu ba shiri ka yi magana minti ɗaya zuwa biyu. Babu wani sirri a ciki. Abin da suka samar kawai shi ne wurin da ya halatta a gaya wa babba ya yi kuskure.

Tsoron kansa ba a cire shi da lallashi. Bushewar baki, bugun zuciya, rawar hannu, duk aikin jiki ne da ya ɗauka yana cikin haɗari, kuma ba ya bambanta idon jama'a da idon kura. Abin da yake rage shi sanannen abu ne ga masana halayyar ɗan Adam: a riƙa shiga abin da ake tsoro kaɗan-kaɗan, a maimaita, har jiki ya gane babu abin da zai same shi. Yau gaban mutum uku, gobe goma, jibi talatin. Sai 'yan dabaru: fitar da numfashi a hankali kafin ka tashi, haddace jimloli biyu na farko yadda ko kai ya ɗauke baki zai kawo su, zuwa zauren da wuri ka tsaya inda za ka tsaya. Da kuma yin shiru. Mai jin tsoro yana ganin shirun daƙiƙa biyu kamar shekara, shi ya sa yake cusa "wato" a ciki, alhali masu sauraro a wannan shirun suke haɗiye abin da ya faɗa.

Wurin da na ga mai horarwa ya fi cin kuɗinsa da halali shi ne tambayoyi. Zai zauna ya zama ma'aikacin banki marar fara'a, ya yi ta jefo maka: nawa ka sayar bara? Nawa ne ribarka a kan kowane turmi? Wa yake bin ka, wa kake bi? In dala ta sake tashi, yaya za ka biya? Wanda ya ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ya san wannan tambayar ba ta wasa ba ce. A nan ɗan kasuwarmu yake da wata matsala ta daban: ba ma son faɗin adadi. "Alhamdulillahi, ana samu" ita ce amsarmu, saboda tsoron kambun baka, da 'yan haraji, da 'yan uwa masu buƙata, yanzu kuma har da masu satar mutane. Tsoro ne mai dalili, kuma ba zan ce wa kowa ya hau rediyo ya faɗi abin da yake cikin asusunsa ba. Amma "ana samu" ba ta karɓo rance. Dole mutum ya koyi bambanta ɗakin da ake faɗin adadi da filin da ake ɓoye shi, ya kuma saba da fitar da lambobin daga bakinsa ba tare da in'ina ba. Sau da yawa ma a wannan atisaye ne mutum yake gano cewa matsalar ba ta harshe ba ce, lissafin ne bai sani ba. Wannan ganowa kaɗai ta biya kuɗin horon.

Yanzu bari in juyo kan masu horarwar, don kada a ce talla nake yi musu. Gurbatattu sun yi yawa a cikinsu. Akwai mai tara mutum ɗari uku a zaure yini guda, ya yi ta tsalle yana ihu, a ci shinkafa, a raba takardar shaida, kowa ya koma gida bai buɗe baki ko sau ɗaya ba. Wannan kallo ne, kamar a ce za a koya maka tuƙi kana kujerar baya. In ba za a sa ka tashi ka yi magana a gyara maka ka sake ba, riƙe kuɗinka. Akwai kuma mai zuwa da lissafin nan da ya zagaye duniya, wai kashi 7 cikin ɗari ne kawai na saƙo yake cikin kalmomi, 38 a murya, 55 a fuska da motsin jiki. Asalinsa wani ɗan ƙaramin bincike ne da Albert Mehrabian ya yi a 1967, inda aka furta wa mutane kalma ɗaya tak aka ce su faɗi irin yanayin zuciyar mai furtawa, kuma shi da kansa ya ce ba a auna sauran magana da shi. In da gaskiya ne, da ba sai ka ɗauki tafinta ba in ka je Guangzhou. Duk wanda ya buɗe darasinsa da wannan lissafi, ka san haddar intanet ya kawo maka.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai sayar da karin harshe. Zai sa dattijo ya yini yana gwagwarmaya da bambancin "p" da "f", yana lanƙwasa baki don ya yi kama da Ba'amurke, har mutum ya fita da kunyar da ta fi wadda ya shigo da ita. Ngozi Okonjo-Iweala tana shugabantar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tun 2021 da karin harshenta na gida da ɗaurin ɗankwalinta. Aliko Dangote in yana Turanci kana jin Kano a ciki, ban kuma ji wanda ya fasa sayen siminti saboda haka ba. 'Yan Sin da suke kasuwanci a Kano da gurguwar Hausa suke ciniki, ba sa jin kunya. A gyara furucin da yake hana fahimta, sauran a bar wa mutum kayansa. Kuma wa ya ce horon sai da Turanci? Yawancin jawaban da ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi zai yi a rayuwarsa da Hausa zai yi su, baffa ma da Hausa ya yi jawabin da ya kayar da shi. Rashin tsari ba ya da yare.

Akwai ƙorafi ɗaya da nake ɗauka da nauyi. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, kana so ka ƙara wa mayaudara makami ne." Bai yi ƙarya ba. Masu shirin zuba kuɗi na MMM da daɗin baki suka yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, kafin a rufe asusun jama'a a Disamba 2016. A Amurka Elizabeth Holmes ta tsaya a manyan dandamali da natsuwa da tsararren zance, har aka yi wa kamfaninta Theranos ƙimar dala biliyan 9 a kan na'urar gwajin jini da ba ta yin abin da aka ce tana yi; a 2022 kotu ta same ta da laifin zamba ta yanke mata ɗaurin sama da shekara 11. Hadisin Ummu Salama ma ya yi gargaɗi cewa wani yakan fi wani iya tsara hujja, a yanke masa abin da ba nasa ba, kuma abin da ya karɓa yankin wuta ne. Amsata ga dattijon ita ce mayaudari ba ya jiran kwas, ya riga ya iya, sana'arsa ce. Wanda yake zaune a baya yana rawar hannu shi ne mai kaya na gaskiya. In ya ci gaba da yin shiru, zauren na wancan ne. Ƙari a kan haka, wanda ya san yadda ake gina jawabi ya fi saurin gane inda aka rufe ramin ƙarya da kalmomi masu daɗi.

Mata 'yan kasuwa matsalarsu ta ninka. Wadda take sayar da turaren wuta ko kayan ɗaki ta WhatsApp da Instagram, har ta ɗauki ma'aikata goma, in aka kira ta gaban masu ba da tallafi sai muryar ta maƙale, domin tun tana yarinya ake ce mata ta rage murya. Ba sai ta ajiye kunyarta ba kafin ta iya faɗin abin da take sayarwa da abin da take nema. Mata masu horar da mata ake buƙata, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: Nana Asma'u ta horar da malamai mata da ake kira jaji, na ƙungiyar 'Yan Taru, suka riƙa shiga ƙauyuka suna tsayawa gaban mata suna karantarwa, tun a ƙarni na 19.

Wanda ba shi da kuɗin ɗaukar mai horarwa ba shi da uzuri, domin rabin aikin ana iya yinsa da waya da agogo. Mutum biyar da suka yarda da juna su ware dare ɗaya a mako bayan isha'i, kowa ya tashi ya yi minti uku, a ɗauka, a kalla, a faɗa masa gaskiya. Sharaɗin kawai shi ne kada a sa yaron mutum ko wanda yake cin abinci a hannunsa a cikin biyar ɗin. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da suke tara kuɗin mambobi don walima da kalanda za su iya ɗaukar nauyin irin wannan ba tare da sun ji a jikinsu ba.

Baffa dai bai ɗauki kowa ba, kuma ban isa in ce masa ya ɗauka ba. Abin da ya faru shi ne wani ya ɗauki jawabin nasa a waya ya tura zauren WhatsApp na 'yan layinsu, da fatan alheri, har da addu'a a ƙasa. Bayan kwana biyu na shiga shago na same shi shi kaɗai, tabarau a hanci, yana kallo. Ya kai ƙarshe ya mayar farko. Da ya ɗago ya ce, "Kai, haka na yi?" Na ce, "Haka ka yi, Baffa." Ya ce, "Kuma ka ce mini an yi ƙoƙari." Na sunkuyar da kai. Ya tura mini kujera da ƙafa, ya miƙo mini wayar, ya miƙe tsaye tsakanin dilolin shadda ya gyara riga. Ya ce, "Riƙe nan. In na wuce minti uku ka ɗaga hannu."